Hajiya Ta Ce Ta Ɗauki Nauyin Karatuna, Sai La'adata Ta Tsaya

Anti Maijidda, assalamu alaikum. Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara, ko da faɗa za ki yi min. Ba ni da wanda zan gaya wa a nan, don mu Hausawan Guangzhou ba mu da yawa, magana in ta fita daga bakinki da safe, kafin la'asar ta je Kano ta dawo. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni 'yar Kurna ce, shekarata ashirin da bakwai. Yayana Ghali ne ya kawo ni China bayan na gama sakandare na gaji da zaman gida, ya sa ni ajin koyon yaren ƙasar don in riƙa taya shi. Daga baya kasuwa ta juya masa baya ya tattara ya koma gida, ni kuwa na tsaya, don a lokacin bakina ya buɗe da yaren. Aikina shi ne in tarbi mata 'yan kasuwa in sun zo sari, in kai su kasuwannin Liwan, in yi musu tafinta, in ja ciniki da lawban, wato mai shago, in duba kaya ɗai-ɗai, in bi su har a zuba a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Waɗanda ba su zo ba su turo hoto da kuɗi, in saya musu. La'ada nake ci a kan kowane kaya, kashi uku ko huɗu cikin ɗari.

Wallahi ban raina sana'ata ba. Da ita na sake wa Umma rufin ɗaki, da ita ƙannena suke makaranta. Amma Anti, samun nan ba shi da tabbas. Gabanin azumi ko cin abinci a zaune ba na samu, waya biyu na kuka lokaci ɗaya. In 'yan China suka tafi bikin sabuwar shekararsu kuwa, shaguna a garƙame, sai in yi makonni ina kallon silin. In naira ta faɗi, Hajiyoyina su yi gum, ko gaisuwa sai da ƙyar. Ga maganar takarda. Bizar 'yan kasuwa gare ni, kullum cikin fita da dawowa nake don sabuntawa, kuma duk sanda na hango ɗan sanda a tashar jirgin ƙasa sai gabana ya faɗi, ko da fasfona na cikin jaka lafiya lau. Na gaji da wannan faɗuwar gaban.

Abin da ya tayar min da maganar karatu shi ne wani kamfani a nan Panyu inda nake zaune, masu yin fitila da fanka na hasken rana. Suka nemi wanda zai riƙa sayar musu da kaya a Najeriya da Nijar, mai jin Hausa da yarensu. Albashi yuan, kuɗin China, dubu takwas a wata, da ɗan kaso a kan abin da ka sayar, kuma su yi maka takardar zama ta aiki. Na ce wannan ai ni aka yi wa. Na je muka zauna da lawban ɗinsu, na gaya masa irin fankar da mutumin Kano zai saya da wadda ko kyauta ba zai karɓa ba, har yana buga tebur don daɗi. Sai matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta tambaye ni digirina. Na ce meyo. Kalmarsu ce ta babu, wadda nake sha daga bakin masu shago kullum, ranar ni ce na faɗa musu ita. Ta ce ba za su iya nema min takardar aiki ba sai da digiri.

Kin san wa suka ɗauka? Souleymane, wani ɗan Yamai da ya yi karatunsa a nan. Ni na fara nuna masa inda ake sarin jakunkuna lokacin da ko hanyar Liwan bai sani ba. Ba laifinsa ba ne, mutumin kirki ne, har haƙuri ya kira ya ba ni. Amma na yi kuka a cikin jirgin ƙasa har wata tsohuwa 'yar China ta miƙo min tishu.

Da zuciya ta ɗebe ni sai na nemi wata kwaleji a nan garin, digiri a fannin talla da sayar da kaya, shekara huɗu. Ban zaci za su kula ni ba, sai ga shi sun ɗauke ni. Kuɗin makaranta yuan dubu ashirin da huɗu a shekara, ban da ɗaki da abinci, kuma sai na biya na shekarar farko kafin Satumba ko in rasa gurbin. Abin da na tara bai taka kara ya karya ba, komai gida yake tafiya. Akwai wani a nan da ke ba da bashi da ruwa, an nuna min shi, na ce Allah Ya kiyashe ni.

To, ga inda Hajiya Barira ta shigo. Ita ce babbar mai ba ni aiki, kayan lefe da labule take sayarwa a Kano, bara kaɗai la'adar da na ci a kan kayanta ta kusa yuan dubu ashirin. Tun ina sabuwa ta riƙe ni, lokacin da sauran matan ke cewa yarinya ce za ta ɓatar musu da kuɗi. Da ta zo sari kafin azumi, mun dawo daga kasuwa ƙafafunta sun kumbura, ina shafa mata man zafi a masaukinta, sai kawai na ɓarke da ba ta labari ina hawaye. Ta ce in share hawayena, ita za ta biya, in na gama za mu san yadda za a yi. Anti, durƙusawa na yi har ƙasa, ban ma san irin godiyar da na yi ba.

Tana komawa gida sai ta saki saƙon murya a zauren waya na matan da muke hulɗa da su, ta ce ta ɗauki nauyin karatun 'yarta ta China saboda Allah. Addu'a ta yi ta zuba, wannan ta ce Allah Ya gina mata gida a Aljanna, waccan ta ce irinsu Hajiya sun yi ƙaranci. Wata ta kai wa Umma saƙon ta saurara. Umma ta sa aka yi alkaki da dubulan, ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta je har gidan Hajiya godiya. Yanzu duk Kurna an san 'yar Umma za ta yi digiri a China kyauta.

Amma ni a waya ba haka Hajiya ta ce min ba. Cewa ta yi kada in damu, za a riƙa cirewa a hankali. Cirewa daga me? Nawa-nawa? Har zuwa yaushe? Ban tambaya ba. Bakina ne ya yi nauyi, yaya zan tsare matar da ta isa ta haife ni da tambayar kuɗi bayan ta gama yi min alheri a gaban jama'a?

Daga nan na yi mata lodi sau biyu. Da, tare da kuɗin kaya take haɗo min la'adata, ko tuni ba na yi. Wannan karon shiru. Na farko na ce mantuwa ce, na biyu na gane ba mantuwa ba ce. Kuma kuɗin makarantar ba ta turo ba tukuna, ta ce sai bayan Babbar Sallah. Sannan ta fara turo min ƙawayenta da 'yar ƙanwarta mai haɗa lefe, ta ce in duba musu kaya, ai ni ta gida ce. Kwana uku na yi ina yawon neman wani kalar leshi da ba ya duniya, ƙarshe ladan da aka ba ni shi ne Allah Ya yi albarka. Na ce amin, amma mai gidan hayata ba ta karɓar wannan.

Yaya Ghali dariya ma yake min. Ya ce wai ni da na shekara shida ina sayar da kaya zan je in zauna wanda bai taɓa sayar da allura ba ya koya min ciniki, in kuma fito da bashi a wuya. Ya ce in na shiga aji Hajiyoyina ba za su jira ni ba, masu tafinta sun yi yawa a gari. Na san akwai gaskiya a maganarsa, shi ya sa take ba ni haushi. Umma kuwa abu ɗaya take faɗa, in karɓa in yi shiru kada in kunyata ta.

Ina son karatun nan, Anti, ba zan ɓoye miki ba. Ina so in shiga ofis da takardata a hannu, in wuce ɗan sanda ban sunkuyar da kai ba. Amma in na haɗa kuɗin shekara huɗu, ya doshi dubu ɗari. In ma Allah Ya sa na samu aikin dubu takwas ɗin, in cire haya, in cire na gida, shekara nawa zan yi ina biya? Ga shi a watan da kasuwa ta yi kyau ina samun fiye da albashin nan yanzu ma, ba digiri ba komai. Wani lokaci in ce hauka nake, wani lokaci in tuna watannin kallon silin. Shin digirin ya kai kuɗinsa? In karɓi kuɗin Hajiya ko in bari? In na bari, da wane ido Umma za ta kalli mutane? In na tambaye ta zancen la'ada, ba za ta ce na yi mata butulci ba? Ki yi min magana kamar ƙanwarki.

Taki, Mai La'ada a Panyu.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata Mai La'ada. Ba zan yi miki faɗa ba. Yarinyar da ta tsaya ita kaɗai a ƙasar mutane ta rufa wa uwarta ɗaki ba faɗa ya kamace ta ba, kuma kukan da kika yi a jirgi na ji shi har raina. Amma zauna mu yi magana, don lokaci ya matse.

Bari in fara da Hajiya, domin ina jin ba ki fahimce ta ba, ita ma ba ta fahimce ki ba. Ban ga alamar mugunta a tare da ita ba. Matar kasuwa ce, kuma a kasuwanninmu in babba ya ce ya ɗauki nauyin wani, akwai abin da kowa ya san yana nufi. Ka zama yaron gida. Zai ciyar da kai, ya biya maka buƙatunka, kai kuma ka yi masa hidima da shi da duk wanda ya turo, ba maganar la'ada tsakaninku, sai ranar da ya ga dama ya sallame ka. Da yawa sun yi arziki ta wannan hanya, ba abin zagi ba ce. Ranar da kika durƙusa kika yi godiya, ke bashi kika ji, matan zaure kyauta suka ji, Hajiya kuwa a ranta ta yi 'yar gida a China. Shi ya sa la'ada ta tsaya, shi ya sa ƙawaye suka fara zuwa. A wurinta ba ta ci miki komai ba.

Sai dai ki duba abin da kika rubuta da hannunki. Kuɗin makaranta dubu ashirin da huɗu. La'adarki a kan kayan Hajiya kaɗai ta kusa dubu ashirin. Kin ajiye su nesa da juna a wasiƙarki, ni na kawo su wuri ɗaya. Ashe in Hajiya ta ci gaba da biyan ki haƙƙinki kamar da, kusan ke za ki biya wa kanki makaranta, ɗan ciko kawai kike nema. In kuwa la'ada ta tsaya, sannan aka ƙirga kuɗin makaranta a matsayin bashin da za ki biya bayan kin gama, kin biya sau biyu ke nan, ga hidimar ƙawaye a kai. Ba na jin ita kanta Hajiya ta zauna ta lissafa shi haka. Amma wanda bai lissafa ba shi ya fi saurin jin an cuce shi ranar da aka zo rabuwa.

Ita ma akwai abin da take da haƙƙin sani kafin ta fitar da ko sisi. Ki je makarantar ki tambaya a ofis, ba a bakin ɗalibai ba, me takardar ɗalibi ta yarda ki yi na neman kuɗi da me ta hana. Kada ki yi zato. In ya zamana ba za ki iya yawon kasuwa kamar da ba, to Hajiya za ta biya kuɗi tana jiran hidimar da ba za ta samu ba, ke kuma ba la'adar kowa, ga ɗaki ga abinci ga Umma. In kin ɓoye mata wannan, ke ce kika shiga haƙƙinta. Kuma wadda ta gaji da faɗuwar gaba ba za ta so ta shekara huɗu tana aikin ɓoye ba.

Zancen ko digirin ya kai kuɗinsa, Yaya Ghali ya yi gaskiya rabi. Ba za su koya miki ciniki ba, kin riga kin iya. Ba ciniki za ki saya da kuɗin nan ba, takarda za ki saya, da albashin da ba ya tafiya hutun sabuwar shekara, da ƙofar da aka rufe miki ranar nan. Wannan abu ne mai daraja, kada kowa ya raina miki shi. Amma kada ki gwada albashin da watan da kasuwa ta fi kyau, kada kuma ki gwada shi da watan kallon silin. Haɗa abin da kika samu a shekara biyun da suka wuce, ki raba a kan watanni, wannan ne samunki na gaskiya. Ki kira Souleymane, tunda mutumin kirki ne, ya gaya miki abin da ke shiga hannunsa bayan an cire komai. Ki leƙa wasu kamfanonin biyu ko uku ki ji ko wannan digirin suke nema, ko kowane ma ya isa, da ko akwai wani sharaɗi bayan shi. Kamfani ɗaya da ya buga miki tebur ba zai jira ki shekara huɗu ba. Ki tambayi kwalejin ko suna rage wa ɗalibai kuɗi, ko suna ɗaga gurbi zuwa baɗi. Ni a ganina, in bashin da za ki fito da shi ya wuce abin da za ki iya biya cikin shekara biyu na aiki ba tare da Umma ta ji a tukunyarta ba, ya yi nauyi. Gara ki jinkirta shekara guda, ki shiga adashi, ki tara na farko da guminki. Kina da ashirin da bakwai, shekara ɗaya ba za ta tsufar da ke ba. Mai bashi da ruwa kuwa, kin yi daidai, ko sallamarsa kada ki amsa.

Yanzu abin da ya fi wuya. Dole a tambayi Hajiya, kuma kafin kuɗinta ya shigo hannunki. Kada ki yi ta waya, kada ki kusanci zauren nan da maganar. Ki tura Yaya Ghali, shi ya kawo ki China, shi ne babba a kanki, ya je har gida ya gaishe ta ya sake godiya. Sannan ya ce makaranta da iyali suna so a san matsayin kuɗin, don rai ba a hannun kowa yake ba. In kyauta ce, Allah Ya saka, la'ada ta ci gaba tunda aiki daban alheri daban. In bashi ne, a faɗi adadi, shekara-shekara ba dunƙule ba, a rubuta da shaidu, kuma duk la'adar da aka riƙe, har da ta lodi biyun nan, a cire ta daga ciki. Addininmu da kansa ya ce a rubuta bashi, ba don ana zargin kowa ba. In kuma 'yar gida take so, ta faɗa a fili da ranar sallama, ke kuma ki duba ko za ki iya. Ku tuntuɓi malami a kan bashin da ake haɗa shi da hidima kyauta, zai yi muku bayani fiye da ni.

Umma kuma ki kira ta ki gaya mata duka, har da maganar cirewa a hankali, don na tabbata ba ta sani ba. Kunyar alkakin da ta kai ba ta kai ta ranar da za a aiko mata cewa 'yarta ta ci kuɗin mutane ta gudu ba. Uwa ce, za ta yi fushi kwana biyu ta sauko.

Kin ce kina tsoron Hajiya ta kira ki butulu. Mai yiwuwa ta ɓata rai da farko, manya ba sa son a tambaye su. Amma matar da ta yarda da ke tun kina sabuwa, wadda ba ta taɓa karɓar kwali daga hannun lawban ba sai kin buɗe kin duba mata, ta san dalilin da ya sa ake dubawa. In ta amsa da daɗin rai, kin samu uwa kin samu karatu. In kuwa tambaya kaɗai ta sa ta janye, to kin ji amsarki tun ba ki ci mata ko yuan ɗaya ba, kuma har yanzu ita ce ke riƙe da naki, ba ke ke riƙe da nata ba. Shekara shida kina buɗe kayan mutane kafin su biya, ƙanwata. Wannan naki ne, buɗe shi ki duba.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya bar ki da Hajiya cikin mutunci, Ya nuna wa Umma ranar da za ki riƙe takardarki ba nauyin kowa a wuyanki.

Antinki, Maijidda.